Motar Kai Malam Asibiti

4 ga Maris

Zuwa ga ƙanena bakanike,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Yaya kunnen? An ce min yanzu sai an yi maka ihu kake ji, wai bugun guduma ya gama da shi. Shi ya sa ban neme ka a waya ba, na ɗauki biro. Ko da kunnenka garau yake ma, na fi son magana a rubuce, don gobe kada wani ya ce ba haka ya faɗa ba.

Ƙila ka tsaya kana tunanin wace ce. Ni ce tela, jikar yayar kakanka, wadda ta ɗinka wa matarka labulen ɗaki lokacin aurenku. Rabonmu da haɗuwa shekara tara ke nan, tun rasuwar Goggo. Na san ba kyau mutum ya ɓace sai buƙata ta taso masa, to ta taso.

Makonni biyar da suka wuce Malam, maigidana, ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Bakinsa ya dawo, alhamdu lillahi, har faɗa yake yi da ni a kan gishiri. Ƙafar tana ɗan motsi, hannun kuwa shiru. Ma'aikaciyar gashin ƙashi ta ce a riƙa kai shi sau biyu a mako, Litinin da Alhamis, ba fashi. Ta ce watannin farkon nan su ne komai, abin da bai dawo a cikinsu ba da wuya ya dawo. Asibitin kilomita shida ne daga gidanmu. Masu tasi in sun hango keken marasa lafiya sai su ƙara wuta, wanda ya tsaya kuma ya rungume sitiyari yana kallona ina kokawa da namiji. A zuwa takwas da aka rubuta mana, uku muka samu.

Na sayar da babban keken ɗinkina na lantarki, na haɗa da abin da ɗanmu ya aiko daga inda yake aiki. Mota nake so, ta hannu. Lasisina yana nan tun zamanin tsohuwar motar Malam, na sabunta shi. Ba yawo zan yi ba. Asibiti, sai kasuwar yadi sau ɗaya a mako, a wata ko kilomita ɗari da hamsin ba zan cika ba. Maƙwabcinmu mai shagon fenti ya ce in sayi mai shan dizal, wai ta fi ƙarko, kuma yana da wadda zai haɗa ni da ita. Saurin da ya yi wajen samo ta ne bai kwanta min ba.

A garinku motoci suka fi yawa, kai kuma aikinka ne. Amma bari in faɗa maka tun yanzu, ban manta babur ɗin Malam da yayanka ya karɓa gyara ya dawo mana da shi da kayan cikin wani ba. Ba kai ka yi ba, na sani. Ni dai tela ce, kowace riga sai na juya cikinta na duba ɗinkin.

Ka ba Dogo amsa, direban bas ɗin da ya kawo maka wannan. Duk mako yana zuwa garinku.

Yayarka,
tela

11 ga Maris

Yaya,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta same mu lafiya. Mun yi baƙin cikin jin abin da ya sami Malam, Allah ya ba shi lafiya, ke kuma ya ba ki ladan jinya. Maiɗakina tana gaishe ki, ta ce labulen har yanzu yana nan, ya koma ƙofar kicin. Kunne kuwa, na dama ya yi ritaya, na hagu yana aikin rabin rana.

Maganar babur, yayana ya rasu shekara huɗu ke nan, can zai yi bayani.

Kada ki kusanci mai dizal. Injin dizal sai ya yi zafi sosai, ya yi tafiya mai nisa, sannan yake ƙone baƙin hayaƙin da yake tarawa. Ke kuwa kilomita shida, ko ɗumi bai gama yi ba kin kashe shi. Kafin wata shida salansa ta toshe, ki zauna kina tsine wa masu gyara. Mai shan fetur, ƙaramin inji, mai canza giya da kanta, ita ce taki.

Na zaga wurin dillalai kwana uku, ban ga abin da zan sa ɗan uwana a ciki ba. Sai na bi ta mutanen da nake yi wa gyara, na samo biyu.

Ta farko fara ce, ta wata tsohuwa, matar wani alƙali mai ritaya. Shekararta goma sha biyu, agogonta kilomita dubu goma sha tara kacal ya ƙirga. A rumfa take kwana lulluɓe da tamfol, kujerun baya ko ledarsu ba a cire ba. Tana gidan mai ita, ban ɗora ta a kan rami na leƙa ƙarƙashinta ba tukuna.

Ta biyu mai ruwan toka ce, ta wani mai tallan magungunan dabbobi. Shekara takwas, kilomita dubu ɗari da saba'in, kusan duk a kan babbar hanya. Rana ta cinye fentin rufinta, ƙofar baya tana da lotsawa. Amma ni nake canza mata baƙin mai tun tana sabuwa, na san muryarta kamar ta 'yata. Kuɗinsu kusan ɗaya ne, kuma abin da kika tara zai isa.

In shawarata kike nema, mai ruwan toka. Ga hotunansu nan guda biyu.

Ƙanenki

18 ga Maris

Ƙanena,

Salamu alaikum. Ina fata kowa lafiya. Malam da sauƙi, wannan makon Litinin muka samu zuwa, Alhamis mun yi awa biyu a bakin titi muka koma gida. Allah ya jiƙan yayanka, ban ji rasuwarsa ba.

Na karanta wasiƙarka sau uku. Maganar dizal na yarda, na je na tambayi wani mai tasi da bai san ka ba, shi ma haka ya ce. Amma ɗaya maganar ta ɗaure min kai. Ga mota sabuwa fil, ko ledarta ba a cire ba, ga wata da ta zaga duniya ta dawo da tabo a ƙeya, kuɗinsu ɗaya, kai kuma ka ce in ɗauki ta biyun. In mace ta shigo shagona na shimfiɗa mata sabon yadi da tsumma na ce ta ɗauki tsumman, ai za ta duba ko da wanda nake ajiye wa sabon.

Sannan na sa tabarau na duba hoton mai ruwan tokar da gilashin da nake zura allura. A bayanta, gefen tulin tayoyi, akwai gindin wata farar mota a cikin garejinka. Lambar ba ta fito duka ba, amma ukun ƙarshe su ne na farar da ka ce tana gidan matar alƙali. To a gidan alƙalin kake gyara yanzu, ko alƙalin ne ya tare a garejinka?

Ba zarginka nake yi ba, tambaya nake yi. Wanda ya yi shekara takwas yana kawo maka mota abokinka ne, kuma ba laifi mutum ya so abokinsa ya rabu da kaya. Sai dai ba da kekena ba.

Na tura kuɗin ta banki, ga takardar nan. Na farar ne. Kada ka ba mai maganin dabbobi ko sisi.

Yayarka

25 ga Maris

Yaya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Allah ya ƙara wa Malam sauƙi.

Idonki ƙalau yake. Farar ce. Wasiƙar ranar Talata na rubuta ta, ranar Juma'a aka jawo motar da igiya don batirinta ya mutu, ranar kuma na ɗauki hoton. Ban ga abin sake rubutu ba.

Ni ma ina da tambaya. Wannan wasiƙar ke kaɗai kika rubuta ta, ko mai fenti yana tsaye a kanki? Na san irinsu. In ya kasa sayar miki da tasa, zai fara ɓata ta wani, har ki gaji ki dawo hannunsa. Ki daina nuna masa takarduna.

Tunda da yadi kika yi min misali, ki tuna yadin da ya yi shekara goma sha biyu a ninke cikin akwati. Launinsa yana nan, amma kina ja zai yage a kan ninkin. Motar da ba a hawa haka take. Robobinta suna bushewa, tankinta yana tsatsa, ido kuma ba ya gani.

Ga yadda za mu yi. In kin ce mai ruwan toka, Asabar mai zuwa tana ƙofar gidanki, Litinin ki kai Malam. In kin dage kan farar, sai kin ba ni mako biyu in gwada ta, don ba zan aiko miki da abin da ban sani ba.

Ko wacce kika zaɓa, ki aiko min da waɗannan. Tsayin Malam da nauyinsa. Gwiwar hagun tana lanƙwasuwa ko a miƙe take? Yana iya tsayuwa a kan ƙafar dama shi kaɗai, ko na ɗan lokaci ne? Hannun daman yana da ƙarfin riƙo? Keken in an ninke shi, tsawonsa da faɗinsa.

Ƙanenki

1 ga Afrilu

Ƙanena,

Salamu alaikum, muna lafiya gwargwado.

Ni kaɗai nake rubuta wasiƙata, tun kafin a haife ka nake rubutu. Mai fenti hoto ɗaya kawai ya gani, shi ma a kan teburin yanka ya tarar da shi.

Ban san ana ɗinka wa mutum mota ba, amma ga awon. Tsayi inci saba'in da ɗaya, na auna shi a kwance yana mita. Nauyi a asibiti sun ce kilo tamanin da huɗu. Gwiwar ba ta lanƙwasuwa sai an kama an lanƙwasa. Yana tsayuwa a kan ta dama in ya dafa wani abu. Hannun daman kuwa ka tambayi wuyan hannuna. Keken a ninke inci talatin da biyu da talatin da shida, kauri goma sha ɗaya.

Farar dai. Na ba ka mako biyun, ina ƙirgawa.

Yayarka

22 ga Afrilu

Zuwa ga bakanike,

Salamu alaikum. Lafiyarka ba sai na tambaya ba, an ba ni labari.

Mako biyu ka nema, yau uku. Asabar biyu ina zuwa tasha da kaina, Dogo yana buɗe min tafin hannu ba komai. A wannan watan sau biyu kacal Malam ya ga asibiti. Yatsunsa sun fara naɗewa, da safe sai na sa ƙarfi nake buɗe su in wanke masa tafin. Jiya ya ce in daina wahalar da kaina, shi ya haƙura da hannun. Na shiga shago na rufe ƙofa na yi kukana.

Wannan zuwan na roƙi Dogo ya taka har garejinka ya gano min da idonsa. Ga abin da ya faɗa min, kuma na sa ya maimaita. Ya ce ya tarar da farar motar a tsaye, ƙofarta a buɗe, mutum biyu suna jawo ka daga ciki. Ƙafarka ta hagu ɗaure da katako tun daga cinya har idon sawu, hannunka ɗaure a ƙirji. Ya kira ka sau uku ba ka waiwayo ba. Fasinjoji suna jiransa, ya juyo. Ya kuma ce mai shayin bakin garejin ya shaida masa kusan kullum ana ganinka kana fita da farar.

Yanzu na gane. Ka mayar da motar da na biya ta hawanka, ka je ka yi hatsari da ita, ka karye, kana kwance kana jiran a buga ta a shafe ta da fenti a aiko min kamar ba abin da ya faru. Shi ya sa shiru. Allah ya ba ka lafiya, wannan da zuciya ɗaya na faɗa. Amma da ka rubuto min layi biyu ka ce Yaya ga abin da ya faru, da na fi ganin girmanka. Ashe abin na gida ne, ba yayanka kaɗai ba.

Ka tsayar da komai. Ba na son farar, ba na son ta abokinka. Ka mayar min da kuɗina ta inda suka zo. Ta mai fenti tana nan har yanzu, ko salansarta za ta toshe, aƙalla a gaban idona za ta toshe.

Tela

29 ga Afrilu

Yaya,

Wa alaikumus salam. Lafiyata lau, ƙafafuna biyu suna nan yadda Allah ya yi su. Ina gaida Malam, kuma maganar yatsunsa ta hana ni sukuni.

Wasiƙarki a tsaye na karanta ta, sai da na nemi benci. Shekara talatin ina shiga ƙarƙashin motocin mutane, an zage ni da baki ba adadi, amma ba a taɓa kirana ɓarawo a rubuce ba sai yau. Ya yi min ciwo, ba zan ɓoye miki ba. Maiɗakina ta ce in kwana biyu kafin in amsa, shi ya sa wannan ta fito da ladabi.

Ga abin da mai shayi ya gani. Ni ba na gwada mota yadda dillali yake gwadawa, a hau babbar hanya a taka wuta a dawo a ce lafiya lau. Yadda mai ita zai hau ta nake hawa. Na auna kilomita shida daga gareji, ya faɗa daidai wani gidan mai. Duk Litinin da Alhamis in tayar da ita da sanyinta, in je can a hankali, in kashe, in yi awa ɗaya, in dawo. Sauran ranaku in bar ta a ajiye. A fita ta uku farar ta mutu a tsakiyar titi, tsatsar tanki ta cika famfon mai. Na jira kwana shida kafin a kawo wani, shi ya cinye makon. Tiyon birkinta ya tsattsage. Tayoyin da kike gani sababbi, shekarunsu goma sha biyu, gefensu duk zane. Waɗannan duka ana gyarawa, da kuɗi da lokaci.

Ga kuma abin da Dogo ya gani. Na ɗauki awon da kika aiko. Ni da Malam tsayinmu kusan ɗaya, ya fi ni da kilo biyar, sai na zuba ƙarafa a aljihu. Na sa mai bugun bodi ya ɗaure min katako a ƙafar hagu don kada gwiwar ta lanƙwasu, ya ɗaure hannun da bel. Na ari keke a gidan wani maƙwabci, na zauna, na ce kada kowa ya taɓa ni. Farar gajera ce, kujerarta tana ƙasa, ƙofarta ba ta buɗewa sosai. Na faɗa ciki kamar buhu, fita kuwa ta gagara. Sai da mai bodi da mai wayarin suka jawo ni, suna dariya har da hawaye. Su maza biyu ne majiya ƙarfi, ke kuwa ke kaɗai ce a ƙofar asibiti. Kiran Dogo ban ji ba, kin san dalili.

Mai ruwan toka kujerarta daidai tsayin keken take. A gwaji na uku na shiga ni kaɗai, na fita ni kaɗai. Na cire mariƙin roban da ke saman ƙofa na sa na ƙarfe, inda hannun dama zai kai. Keken ya shiga but ɗin bayan motar ya bar wurin yadi. Ita ma na yi mata irin waccan tafiyar, ko tari ba ta yi ba.

Laifina ɗaya, kuma babba ne. Ban rubuto ba. Ni ban saba ba da labarin aikin da ban gama ba, kuma na ji kunyar in ce miki ina ɗaure kaina da katako. Na manta cewa ke kowace Alhamis ƙirga ta kike yi.

Kuɗinki suna banki ba a taɓa ba, ga takardar. Mai maganin dabbobi ya sami wani mai saye, na roƙe shi ya jira ni har Asabar ta sama. Kalma ɗaya za ki rubuto, mota ko kuɗi. In kuɗin ne, ki sayi kowace iri a wurin kowa, amma don Allah kafin ki biya, ki sa Malam ya shiga ya fita.

Ƙanenki

6 ga Mayu

Ƙanena,

Salamu alaikum. A gaida maiɗakinka, ka ce na gode da kwana biyun da ta sa ka yi.

Ba zan yi maka ƙarya ba, ban yarda nan take ba. Na koma wurin Dogo na titsiye shi. Na ce motar ta lotse? Ya ce a'a. Gilashi ya fashe? A'a. Masu jawo shi fuskarsu da tashin hankali? Ya sosa ƙeya ya ce yanzu da na faɗa, kamar dariya suke yi. Na ce me ya hana ka faɗa min? Ya ce ban tambaye shi ba. Na kai takardar bankin ma an duba min.

Ranar Laraba na sa mai fenti ya kawo tasa ƙofar gida. Doguwa ce, sai an taka an hau. Ni da shi da mai wankin unguwa muka ɗaga Malam, wandonsa ya zame a gaban mutane. Ya juya fuska bango. Na sallami mai fenti.

Mota. Aiko ta.

Abin da na rubuta game da gidanku, ka yaga takardar. Na san yagawa ba ta goge shi.

Yayarka

17 ga Mayu

Zuwa ga ƙanena,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida maiɗakinka da yara, da mai bodi da mai wayarin da ban sani ba. Ina fata mai wayarin ya koma lafiya. Ya kawo motar Asabar da la'asar, ya ƙi zama ko ruwa ya sha, wai ka ce ya tabbatar na zaga unguwa da ita sau biyu a gabansa ya kamo bas.

Ta fi muni a ido fiye da hoto. Matan layinmu sun fito kallo, wata ta ce Allah ya sa ba da tsada na saya ba. Na buɗe kowane aljihu nata, na ɗaga kowace darduma, ka san hali. Ban sami komai ba sai takardarka ta ranakun canza mai da ka liƙa a bayan madubi.

Litinin na tura keken har bakin ƙofar motar, na sunkuya zan rungumo shi yadda na saba. Ya ce, "Matsa." Ya kai hannun dama ya kama ƙarfen nan naka, ya miƙe, ya juya, ya zauna. Ƙafar kawai na ɗaga masa. Tun da ya faɗi, ranar ce ta farko da ya shiga wani abu ba a ɗauke shi ba. Minti ashirin muka yi a hanya, ana ta yi min oda a baya, ban kula kowa ba.

Ma'aikaciyar ta yi murna da ƙafar, ta ce in muka riƙe zuwa zai taka da sanda. Sai ta ɗauki hannun. Ta yi ta murza yatsun tana ja, ta gasa su, ta sake ja. Ta tambaye ni me ya hana mu zuwa watan jiya. Na ce mota. Ta ce za a ci gaba da ƙoƙari, amma kada mu sa rai sosai, da wata guda baya ne da da magana. A gabansa ta faɗa.

Na zo gida na ɗauko wasiƙunka na lissafa. Tun ashirin da tara ga Maris ka ce motar nan za ta iya kasancewa a ƙofata. Ta zo goma ga Mayu. Mako shida, zuwa goma sha biyu. Ka ɗauki mako ɗaya na shirunka in kana so, sauran nawa ne. Ina can ina duba lambar mota da gilashin allura, hannun mijina yana rufewa. Likita bai ce tabbas da ya warke ba, kowa ma haka yake faɗa min, amma ni na san abin da na yi, kuma baƙin cikinsa ba zai bar ni da wuri ba. Kai ma ka yafe min, a rubuce nake roƙonka.

Ranar Alhamis da muka dawo, na tsaya a ƙofar gida zan kashe mota, na kasa. Na faɗa masa duka, har maganar hoton da ta Dogo, don bai san rabinsu ba. Ya zuba wa titi ido. Can ya ce, "Shekara talatin da huɗu kina juya aljihuna kina dubawa, yau ne zan yi mamaki?" Na ce hannunka fa. Ya ɗaga shi da na dama ya gyara masa zama a kan cinya, ya ce, "Wannan ya tafi. Ƙafar ce ta rage, kada ki makara da ita ranar Litinin."

Ƙarfe takwas aka ce mu zo. Tun bakwai zan fito da shi.

Yayarka,
tela